Abin Sulun Baba Isaiah

Ɗaliban Malam Victor, mai koyar da lissafi a wata sakandare a Minna, sun haddace karatunsa kamar waƙa: duk lanƙwasa mai santsi tana da miƙaƙƙen layin da zai shafe ta a ɗigo guda, ya nuna inda ta dosa. Inda aka samu kusurwa kuwa, babu wannan layi, tafiya ta karye ke nan. A gaban allo zaki ne. A gaban surukinsa, ko tari sai ya nemi izini.

Da matarsa Charity za ta buɗe 'yar makarantar yara a Fadikpe a 2006, mahaifinta Baba Isaiah, mai walda a Sauka Kahuta, ya ce shi zai ƙera abin sulu kyauta, irin wanda yara ke hawa su sulalo ƙasa. Tsoho ya zage damtse ya ƙera shi, ya shafe shi da jan fenti, ya kawo a bayan a-kori-kura.

Victor ya bi ƙarfen da tafin hannu. Daga sama sumul, amma daidai inda gangaren ya haɗu da lanƙwasar ƙasa, sai hannun ya ci tuntuɓe. Kusurwa ce. Ya san duk yaron da ya taho da gudu, nan za ta cilla shi.

"Yaya ka gani?" in ji tsohon, yana murmushi.

"Ya yi kyau, Baba."

Wai ina shi ina gyara wa suruki aiki? Victor ya ce a ransa daga baya zai sa wani ya gyara a ɓoye. Amma bai kai ga yin hakan ba.

Ranar buɗewa, Baba Isaiah da kansa ya ɗora jikarsa Susan, 'yar Victor, ya ce ita za ta fara. Ta sulalo tana dariya, kusurwar ta fizge ta gefe, ta faɗi a kan hannunta. Ƙashi ya karye.

A asibiti, baƙin ciki ya ci Victor har bakinsa ya suɓuce. "Tun ranar da aka kawo shi na ga kusurwar nan," ya ce wa Charity. Ashe tsohon yana bayansa.

"Ka gani, ka yi shiru?" in ji Baba Isaiah. "Gyaran da ba zai kai la'asar ba? Ni ina maka kallon ɗa, ashe kai baƙo ka ɗauke ni."

Hannun Susan ya warke. Tsohon bai daina zuwa gidan ba, amma har ya bar duniya, gaisuwar baƙi yake yi wa Victor, cike da ladabi.