Hanyar Gidan Mala Mai Wankin Hula

Da labari ya bazu a Kademi cewa ni da Malam za mu Kano, sai gidanmu ya koma kamar tasha. Indo maƙwabciyata tana son kanumfari da masoro na kasuwar Kurmi, wai na Gaya ba su da ƙamshi. Ƙawata Hure tana so a duba mata atamfa a kasuwar Kwari, dubawa kawai, ba saye ba. 'Yata Ummu Salma ta zauna ta rubuta komai a takarda, ta ƙara da nata: mu hau gadar sama, mu shiga gidan zu mu ga zaki, mu ɗauki hoto a waya don a yarda mun je. Abu tara cif. Ni ma ina da nawa burin, don tun da aka kawo ni daga Ajingi sau ɗaya na taɓa shiga Kano, amarya muka kai, kuma ban da bangon gidan biki ban ga komai ba.

Mijina, Malam Gwadabe, abu ɗaya ne a ransa, shi kuma ba ya cikin takardar.

Shekara uku ya yi ba ya gani, yanar ido ta rufe masa idanu. Ni nake riƙe masa sanda, ni a gaba shi a baya, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofar masallaci. Ba zan ɓoye ba, na tsani sandar nan. A bazarar da ta wuce ƙaninsa Barau ya kai shi asibitin ido a Kano, aka ce sai bayan kwana huɗu za a yi masa aiki, amma kullum su zo a duba shi. Ɗan garinmu da suka yi niyyar sauka wurinsa ashe ya tashi daga unguwar. Suna zaune a bakin wani masallaci sun rasa yadda za su yi, sai wani mutumin Barno mai wankin hula, Mala, ya tambaye su. Ya kai su zaurensa, ya ciyar da su kwana huɗun nan, bai san su ba bai san garinsu ba. Har ya karɓi hulunansu zai wanke, ya ce wa Malam, "Ka dawo ka karɓa ranar da za ka iya ganin aikina."

A zauren nan Malam ya yi bakance tsakaninsa da Allah: in idonsa ya buɗe, zai noma gero, ya kai wa Mala kwano biyar da hannunsa.

Ido ya buɗe. Ranar da aka sallame su suka dace da motar Gaya a bakin asibiti, Barau ya ce su tafi, in an yi girbi sa dawo a yi godiya a tsanake. Barau bai ga girbin ba, zazzaɓi ya ɗauke shi tsakiyar damina. Shi kaɗai ya san hanyar gidan Mala da ido, kuma babu wanda ya yi tunanin karɓar lambar waya. Tun daga nan Malam ya daina cin abinci kamar da. In na matsa masa sai ya ce, "Hansai, ƙanina ma ya tafi, balle ni. Ina tsoron in mutu da alƙawarin Allah a wuyana."

To, ranar Litinin muka hau babur zuwa Gaya, muka shiga mota ta Wudil, hantsi muna Kano. Malam da geronsa a ƙaramin buhu, da sandar da na ce ya bari a gida ya ƙi, wai hannu ya saba. Shi da ya kwana huɗu a garin, sai ga shi yana leƙen taga kamar baƙon farko. Da muka bi ta ƙarƙashin wata gada ya tambaye ni ko wancan karon ma tana nan. Na ce ni ya tambaya, da nake Kademi ina daka?

Mai adaidaita ya sauke mu a ƙofar asibitin. Na ce, "To Malam, ina kwatancen?"

Ya gyara murya. "Barau ya ce bayan asibiti ne, kusa da masallaci. Akwai bishiyar darbejiya, akwai mai shayi."

A Kademi wannan kwatance ya isa a kai ka har ɗakin mutum. A Kano kuwa, kafin azahar mun ga masallaci shida, kowanne da darbejiyarsa, kowanne da mai shayinsa. Muka koma tambayar Mala mai wankin hula. Wani ya nuna mana gabas, muka tarar da Mala, amma mai sayar da turare ne. Wani ya tura mu wani lungu, muka tarar da masu wankin hula har su huɗu, babu Mala a cikinsu. Malam kuwa duk dattijon da ya gani sai ya tsaya ya ƙura masa ido, har wani ya tambaye shi ko lafiya. Me yake dubawa, shi da bai taɓa ganin fuskar mutumin ba?

Muka yi azahar, muka zauna a inuwar katangar asibitin. Ƙafata ta yi zafi, raina ya ɓaci. Na kwance takardar Ummu Salma daga bakin zani na ce, "Malam, mu bai wa wani mabuƙaci geron nan. Allah ya ga niyyarka. Mu je Kurmi kafin a tashi, kada mu koma hannu rabbana."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dai dafa buhun ya ce, "Ba wani na ambata ba. Shi na ambata." Sai na ga idon da aka gyara ya ciko da hawaye, na yi da na sanin maganata.

Can ya ce, "Hansai, idon nan ne yake ruɗa ni. Sau takwas na bi hanyar nan, zuwa da dawowa, ban gan ta ba ko sau ɗaya. Tashi ki riƙe mini sanda."

Na riga na yi wa kaina alƙawari ba zan ƙara riƙe ta ba. Amma na ɗora geron a ka, na kama bakin sandar, ya kama ɗaya bakin, ya rufe idonsa ruf.

"Ƙofar asibiti a bayanmu take?"

"A bayanmu."

"Mu bi hagu. Katanga za ta raka mu har sai ta ƙare."

Muka tafi, ni a gaba, amma shi yake ja. Mutane suna ba mu hanya. Wata baiwar Allah har ta miƙo masa ƙullin gyaɗa sadaka, na ce mata ta bari, lalura ce ta ɗan lokaci. Da katanga ta ƙare ya ce mu ci gaba har mu ji injin niƙa. Muka ji shi. Ya ce dama. Lungun nan mun wuce bakinsa sau biyu da safe, ko kallo bai ishe mu ba, don ba masallaci a bakinsa ba darbejiya.

"Yanzu ƙasa za ta gangara," in ji shi. Ta gangara kuwa. "Za ki ji warin fata, akwai masu ɗinkin takalmi." Na ji. Shi kuwa ko sau ɗaya bai buɗe ido ba.

Sai ya tsaya. Ya buga ƙafa a ƙasa sau biyu. "Ya kamata a ce akwai katako a nan kan kwata, mai lilo. Barau yakan ce in ɗaga ƙafa."

Na duba, babu katako. Siminti ne shimfiɗe sumul, hanya kuma ta rabu biyu. Na faɗa masa. Na ce a raina shi ke nan, nan muka tsaya.

"Yi shiru," ya ce, ni da ban ce komai ba.

Babura suka wuce, wani mai ruwa ya wuce da kurarsa. Da ƙarar ta lafa sai na ji shi can nesa ta hagu, tim, tim, tim, bugun itace a kan itace. Malam ya saki numfashi. "Hula ake bugawa. Mu je."

Da muka sha kwana sai ga masallaci ɗan ƙarami, ga darbejiya, ga teburin mai shayi a kife. Barau bai yi ƙarya ba, Allah ya jiƙansa. A gefen masallacin an jera huluna a kan kawunan katako suna shan rana, dattawa uku suna zaune a ƙofar wani zaure.

Malam ya buɗe ido ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Bai san kowa ba. Sai ya sake rufewa ya yi sallama. Su ukun suka amsa tare, amma ya juya kai tsaye wajen na ƙarshe, wani siriri mai furfura da gorar bugun hula a hannu.

"Mala."

Mutumin ya ajiye gorar, ya dubi sandar, ya dubi idon da yake rufe, fuskarsa ta canza. "Gwadabe na Gaya? Subhanallahi. Aikin bai yi ba?"

Malam ya buɗe ido yana dariya, hawaye yana zuba. "Ya yi. Ga ka nan, ashe siriri ne kai. Ni da na ɗauka ƙato ne, yadda muryarka take."

Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa mai sanyi. Na sauke buhun, amma Malam bai yarda in miƙa ba. Ya ɗauka da hannu biyu ya ajiye a gaban Mala, ya faɗa masa bakancen. Mala ya so ya ƙi, ya ce shi don Allah ya yi. Malam ya ce, "Ni ma don Allah na kawo. Ka sauke mini shi." Mala ya zura hannu cikin geron, ya ce ya karɓa. Na ga kafaɗun mijina sun sauka, ni ma na ji wani nauyi ya bar ƙirjina.

Mala ya shiga zaure ya fito da leda, huluna biyu a ciki, sun sha sitaci. "Kowane wata nakan fito da su in kaɗe. Ina ɗan'uwan naka, mai yawan barkwanci?"

Malam ya faɗa masa. Dattawan suka yi salati, aka yi wa Barau addu'a. Sannan Malam ya ɗauki hularsa ya juya ta a rana, ya duba ɗinkin zare-zare, ya ce aiki ya yi kyau. Ya mayar da ita leda, ya ɗora ta Barau a kansa.

Matar Mala ta aiko da shinkafa da wake. Malam ya cinye kwanonsa tas, har ya leƙa nawa. Kafin mu ankara an kira la'asar, dole mu nemi motar Gaya. Cikin abu tara na takardar Ummu Salma ba mu yi ko ɗaya ba, sai hoto, shi ma ba a kan gada ba, a ƙofar zaure tsakanin huluna. Indo za ta yi mita, ta yi. Wannan karon na karɓi lambar Mala, na sa an rubuta ta a bayan takardar.

Mun kai bakin titi Malam ya shafa gefensa ya ce, "Hansai, sandata."

"Tana jingine a bangon Mala," na ce. "Na gan ta da muka taso."

Ya dube ni, ya dubi lungun. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar da adaidaita.