Tanderu a Ƙarƙashin Matakala

"Dubi nan, Baba. Don Allah dubi da kyau."

Tela ta ɗaga farar rigar a gaban tsohon, ta nuna masa wuya da kafaɗa, inda baƙin hayaƙi ya yi ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda. Riguna goma sha biyu ne na ma'aikatan wani asibiti, ta ɗinka, ta wanke, ta shanya a igiyar tsakar gida. Ko ɗaya ba ta tsira ba.

Tsohon ya jingine shebur ɗin katakon da yake zura fiza da shi, ya gyara tabarau. "Iska ce ta juya, 'yata. Da safe can take kaɗawa."

"Wancan makon ma iska ce. Ni da wannan keken ɗinkin nake ci, Baba. Kai kuwa nishaɗi kake yi."

Tsohon ya juya ya leƙa bakin tanderun, don fizar da ke ciki ta fara ƙonewa.

Malamin lissafi ne mai ritaya, shi kaɗai a ɗaki biyu na ƙasa, ƙofarsa tana kallon tata. Bayan rasuwar matarsa ne 'yarsa ta kai shi wani shago ya ci fiza, ya tauna ya tauna, ya ce wannan ai burodi ne aka yi wa kwalliya, shi zai yi wadda ta fi ta. Aka ɗauka wasa yake. Ya ƙi yis ɗin kanti, ya haɗa fulawa da ruwa a kwalba ya bar su suka yi tsami, ya sa wa abin suna uwar kullu. Kullum da safe sai ya auna mata fulawa a sikeli ya ciyar da ita, kamar mai kiwon akuya. Ya kwaɓa ranar Alhamis, kullun ya kwana biyu a firji, ranar Asabar ya hura tanderun bulo da ya gina da hannunsa. Duk ƙofar da ke gidan hayar sai ta sami kasonta.

Da yammacin ranar Tela ta kai ƙara wurin mai gidan hayar. Ita dai so take a ja wa tsohon kunne. Mai gidan kuwa mutum ne da ba ya son dogon zance, ya ce ko tanderu ya bar tsakar gida, ko mai tanderu ya bar gida.

Kwana uku tsohon ya yi yana kwashe bulon tanderun ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗan siton da ke ƙarƙashin matakala. Siton ba shi da taga, ƙofarsa ta ƙarfe ce, mutum ma sai ya sunkuya yake shiga. Tana jin nishinsa daga kan keke. Sau biyu ta miƙe za ta kama masa, sau biyu ta koma ta zauna. Ya daina sayen itace, ya koma gawayi.

Asabar ta farko ko ɗigon hayaƙi ba a gani ba. Ya ƙwanƙwasa mata da faranti a hannu.

"Tela, ga naki. Yau ko farar tattabara ce ta bi ta tsakar gidan nan, fara za ta fita."

Ta karɓa da hannu biyu, kunya ta hana ta ɗaga kai. Gefen fizar ya kumbura ya yi ƙyalli, cukun yana ja, ga ɗan tsamin nan da ke zuwa a ƙarshen tauna. Ba ta taɓa cin wadda ta kai ta ba.

Asabar ta biyu ta fito zubar da ruwa ta same shi zaune a matakala, ya dafe kai da hannu biyu.

"Lafiya, Baba?"

"Kaina ne ke sarawa. Hawan jini ne, tsohon abokina, ya zo gaisuwa."

Da ya kawo mata faranti sai ta tsaya tana kallo. Mutumin da ke raba da'ira gida takwas da ido, ba yankin da ya fi wani, yau ya yanka bakwai, a karkace. Kuma babu gishiri.

Asabar ta uku ya yi amai a bakin magudana, ya wanke wurin da sauri don kada a gani. Ta gani. Ta kuma ga abin da ya sharo daga siton washegari: tsaka biyu da ɗan ɓera, a sanƙare, babu rauni a jikinsu.

Ranar Alhamis ƙafar kekenta ta tsage, ta kai wa mai walda da ke tsallaken titi. Yana aiki tana ba shi labari, don dai zuciyarta ta ɗan yi sauƙi. Sai ya kashe wutar, ya tura baƙin gilashinsa goshi.

"Gawayi? A wannan ramin? Ƙofa a rufe?"

"Yana rufewa wai don zafi ya zauna. Amma ai babu hayaƙi."

"Hayaƙin da ido ke gani mai mutunci ne, yana sallama. Akwai wanda ba launi, ba wari. Barci kawai yake sa mutum, mai daɗi ma."

Ta bar ƙafar keken a nan ta tsallako titi. Ta tarar da tsohon a kicin, hannunsa dumu-dumu da kullu, yana naɗewa yana juyawa. Ta faɗa masa duk abin da mai walda ya ce, ba ta rage ba.

"Na sani, 'yata," in ji shi. "Shekara talatin da biyar ina gaban allo, yau kin mai da ni ɗalibi."

"To ka mai da shi tsakar gida. Ni zan je wurin mai gida, ni na ɓata, ni zan gyara."

"Bulo ɗari da arba'in ne. Bayana bai gama yafe mini na farko ba."

Suka kira mai walda ya auna bango. Ya ce zai huda ya sa bututu ya fita har sama, amma bututun sai Litinin zai samu.

"To wannan Asabar ɗin ka huta," in ji Tela.

Tsohon ya girgiza kai. "'Yata za ta zo da mijinta. Wata biyar rabona da ita. Na cika mata baki a waya, kuma kullu ba ya jiran mai walda." Ya ga yadda take kallonsa, sai ya sassauta murya. "Zan tokare ƙofar da bulo. Ki zo ki duba da idonki, sufeto."

Ranar Asabar gari ya waye da hadari. Wajen sha biyu ta leƙa, ƙofar siton a buɗe, bulo a tokare, jan garwashi yana haska fuskarsa. Ya ɗaga mata hannu. Ta koma ciki.

Sai ruwa ya tsuge da iska. A daidai lokacin wata mai kaya ta faɗo ɗakin ɗinkinta a jiƙe, ta zo gwada riga. Mace ce mai tsirfa: nan ya matse, can ya saki, hannun ya yi tsawo. Tela ta durƙusa da allurai a baki tana kama gefen rigar, kunnenta yana waje. Ruwa yana dukan kwanon rufi, ba ta jin komai sai shi.

Can sai ta ji ƙararrawa. Agogon tebur ne da tsohon yake saitawa minti biyu duk lokacin da ya zura fiza. Kullum ƙara ɗaya yake yi, hannu ya danne shi. Yau ya yi ta kaɗawa. Ya yi ta kaɗawa har ƙarfinsa ya ƙare, ya yi shiru don kansa.

"Ki ɗan ƙara ɗagawa ta baya," in ji mai kayan.

Tela ta tofar da alluran a ƙasa ta fita.

Ƙofar siton a rufe take. Bulon yana waje, kwance cikin ruwa. Ta ja ƙofar, zafi ya bugi fuskarta. Yana zaune a kan 'yar kujerarsa, ya jingina da bango, shebur ɗin a kan gwiwoyinsa, tabarau ya zamo zuwa ƙarshen hanci. Fuskarsa ta yi fes, kamar wanda ya ƙoshi ya gyangyaɗa.

"Baba. Baba, tashi."

Ta kama shi ta ƙarƙashin hammata ta jawo shi cikin ruwan sama, dugadugansa suna jan ƙasa. Ita ma kanta ya fara juyawa. Ta ƙwala wa mai walda kira, ya zo a guje, ya danna ƙirjin tsohon har hannunsa ya gaji, sannan suka tare tasi. A asibiti ba a daɗe ba. Likita ta fito tana cire safar hannu, ta tambaya waye nasa. Tela ta ce ita maƙwabciyarsa ce. Tela ce ta kira 'yar tasa, wadda ruwa ya tsare ta da mijinta a hanya.

Ko iska ce ta ture bulon, ko shi ya cire don ruwa yana fesowa cikin garwashi, ba wanda ya sani. Mai walda ya ce iska ce. Tela ta lura ya faɗa ne ba tare da ya kalle ta ba.

Kwana biyu bayan an binne shi, 'yar ta zo kwashe kaya. Tela ta shiga taya ta. Suna naɗe rigunansa a kan gado, 'yar ta ce, "Anti, abu ɗaya ne na kasa ganewa. Me ya kai shi cikin wannan ramin? Ya ce mini wai iskar tsakar gida ce ke sace masa zafi."

Tela ta ajiye rigar da ke hannunta. Da ta yi shiru, da maganar ta wuce a haka.

"Ba iska ba ce. Ni ce. Hayaƙi ya ɓata mini ɗinki, na kai ƙararsa wurin mai gida."

'Yar ta daɗe tana kallonta. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Ta gama naɗe rigar da take naɗewa, ta daidaita wuyanta, ta ɗora a kan sauran.

"Saura kicin," in ji ta.

Ta buɗe firji. Kwanonin roba biyar ne a jere, kowanne da curin kullu ɗaya, kowanne da 'yar takarda manne a murfi da rubutunsa mai tsafta. Ɗaya an rubuta mai walda. Ɗaya mutanen sama. Biyu na 'yarsa da mijinta. Na ƙarshen an rubuta: Tela, a rage barkono.

Kullun ya ci gaba da tashi a cikin sanyi, har ya ɗaga murafan, ya leƙo ta gefe. Suka tsaya su biyu a gaban firjin, sanyinsa yana sauka a kan ƙafafunsu, ba wadda ta kai hannu ta rufe.