Farfesa Ya Ɗan Fita

A sashen nazarin tattalin arziki ba a taɓa samun wanda ya bar aiki ba. Mutum yakan rataye kwat ɗinsa a bayan kujera, ya ce bari ya ɗan fita, sai a ji labarinsa a wata ƙasa yana koyar da 'ya'yan wasu. Ofishinsa na nan, sunansa na jikin ƙofa. Duk wanda ya tambaya, Sakatare zai ce masa, "Ya ɗan fita, ka dawo an jima."

Shi ya sa Ƙaramar Malama ba ta da ofis. Teburinta a baranda yake, tsakanin injin kwafe takardu da ya mutu da ƙofar banɗaki. Ita ke koyar da darasin ci gaban ƙasa da na ƙaura, ita ke riƙe da darussan duk waɗanda suka ɗan fita. In an yi ruwa, da hannu ɗaya take duba takardun jarrabawa, ɗayan na riƙe da laima. Ranar hutu kuma tana tashar mota ko layin masu neman biza, tana tambayar matafiya abin da ya tashe su. An zage ta, an ce 'yar leƙen asiri ce, har tayin aure wani ya yi mata don ya zaci tana da hanyar samun biza. Ba ta taɓa kai kuka ofishin kowa ba.

Abu ɗaya ya rage mata. Doka ta ce sai ta gabatar da bincikenta gaban manyan malamai uku kafin a tabbatar da ita a aiki, in ba haka ba, da ƙarewar zango ta kama gabanta. Malaman sashen kuwa daga ita sai Shugaba suka rage.

"Ranka ya daɗe, wa zai saurare ni?"

"Kwamiti mana," in ji Shugaba. "Farfesa da Daktocin nan biyu."

"Farfesan da ya aiko mana hotonsa cikin dusar ƙanƙara?"

"Fitar ce ta ɗan yi nisa. Af, kuma ki cire kalmar ƙaura daga kan takardarki. In hukumar makaranta ta ji ta a bakinmu, za ta fara ƙirga kawuna, ta rufe sashen."

"In sa me?"

"Ɗan fita."

"Tattalin arzikin ɗan fita? Ranka ya daɗe, takalmina ya cinye a kan kalmar nan. Ba zan cire ta ba."

"Taurin kai dai," in ji shi. "Sai ki yi wa Farfesa bayani."

Ranar gabatarwa Sakatare ya ɗauko kujeru uku ya jera a ɗakin taro. Ta tsakiya na sanye da baƙin kwat ɗin Farfesa, ta dama da rigar sanyin Dakta Babba. Dakta Ƙarami bai bar riga ba, sai aka ɗora jakarsa. Sakatare ya ajiye wa kowannensu ruwan gora. A can baya Mama ta zauna, jaka a cinya, don ta ji an ce yau za a tabbatar da 'yarta.

Ƙaramar Malama ta gaishe da kujerun ɗaya bayan ɗaya, tunda abin na wasa ne ita ba za ta yi shi rabi ba. Ta fara bayani. Ta ce ba matalaucin gari ke tafiya ba, don shi ko kuɗin mota ba shi da shi. Sai gida ya ɗan farfaɗo sannan yake iya tura ɗa. Ta ce iyali gwaninsu suke zaɓa su tura. Ta ce ta shiga unguwannin da aka yi wa gidaje sabon rufi da aiken 'ya'ya, ta tarar babu kowa ƙarƙashin rufin sai tsofaffi da waya a hannu.

Da ta gama, ɗakin ya yi tsit.

Shugaba ya girgiza kai. "Farfesa bai gamsu ba. Na san shi. In ya yi irin wannan shirun, akwai magana."

Iskar fanka ta kaɗa hannun kwat.

"Kin gani? Ya ɗaga hannu."

"Fanka ce, ranka ya daɗe."

"Ba a katse babba, Malama."

Yana cikin kasa kunne ga kwat sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙe tsaye kafin ya amsa. "An buga bizar? Yau ɗin nan? Jirgin fa?" Ya kashe waya, ya tuɓe kwat ɗinsa, ya rataye a bayan kujera, ya gyara masa kafaɗu da kyau.

"Ku ci gaba," ya ce. "Bari in ɗan fita."

Suka ji ƙarar takalminsa a matakala, da gudu.

"To, kwamiti ya zama mutum huɗu," in ji Sakatare. Ya zaro hatimi daga aljihu. "Doka ta ce in babu mai ja, kin ci. Ni dai ban ji mai ja ba."

"Dakata," ta ce. "Ban sha ruwan sama a baranda don kwat ya yi mini alfarma ba. A yi mini tambaya."

"Malama, ki rufa wa kanki asiri. Ga ƙoshi ya zo, ki ce sai kin ji yunwa?"

"Kai ka tambaye ni."

"Ni ba a yarje mini ba. Matakina bai kai ba."

Daga baya Mama ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta.

"Ni ina da tambaya. Tunda kin karanci masu tafiya, yayanki yaushe zai dawo?"

Yayan nan ne aka sayar da filin gida aka tura, tun Ƙaramar Malama na ajin farko a jami'a. Duk ƙarshen shekara yakan ce baɗi. Mama har yau tana canza zanen gadonsa.

Ƙaramar Malama ta dubi takardunta, duk da ta san abin da ke ciki. Ta ɗauki ruwan Farfesa ta sha.

"Mama, wanda ya yi aure a can, ya sa 'ya'ya a makarantar can, ya daina tambayar farashin fili a gida, a cikin waɗanda na bi labarinsu da wuya a samu mai dawowa da zama. Yaya ya yi duka ukun."

"Ba takarda na tambaya ba. Ke na tambaya."

"Ba zai dawo ba, Mama. Zai zo ganinki. Amma ya ƙaura."

Sakatare ya waiga ƙofa, ko wani ya ji kalmar.

Mama ta daɗe tana murza hannun jakarta. "Kowa cewa yake baɗi," ta ce. "Maƙwabta, kawunki, shi kansa." Ta share ido da bayan hannu, ta dubi Sakatare. "Kai ɗan nan, buga mata abin."

"Mama, ai ba kya cikin kwamiti."

"To tambayi na cikin, ko da mai ja."

Sakatare ya bi kujerun huɗu, yana rusuna wa kowace, yana jira kaɗan. Sannan ya hura wa hatimi iska ya danna.

"Ina da aji yanzu," in ji Ƙaramar Malama. "Ki jira ni mu tafi tare."

"Wuce ajinki," in ji Mama tana miƙewa. "Zan riga ki gida in kwashe kayansa. Ɗakin ya fi naki iska, littattafan nan naki sai su samu wurin zama."