Shuɗin Duron Bakin Kicin

Ranar da aka zo canza mana kumfar kashe gobara, ni na fi kowa mita. Shekara ashirin da ɗaya ina aikin kwana-kwana, tsohuwar kumfar nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ka fesa ta kan wutar fetur, nan take wutar ta kwanta. Sai ga wasu mutane da fararen riguna da safar hannu suna zuƙe ta daga tankunan motocinmu, suna wanke kowane tiyo, ruwan wankin ma su ɗura shi a mazubi su liƙe.

"Ruwan wankin ma ya fi ƙarfin kwata?" na tambaya ina dariya.

Injiniyar da ke jagorantarsu ba ta taya ni dariyar ba. Ta ce tsohuwar kumfar tana ɗauke da sinadaran fulorin da ba sa ruɓewa. In suka shiga ƙasa, ko ruwa, ko jinin mutum, sai su yi shekara da shekaru. Sabuwar babu su a ciki, mu kuma za a ɗibi jinin kowannenmu a gwada. Sannan ta duba takardarta ta ce, "Durorin da kumfarsu ta ƙare a shekarun baya, ina ake kai su?"

Kowa ya sunkuyar da kai. A wajenmu, duro in ya ƙare na wanda ya riga ɗauka ne. Nawa shuɗi ne, mai kauri. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce na kai shi gida, na wanke shi sau uku, na sa masa kan famfo, na girke shi a bakin kicin don tara ruwan sha. Uwargida ta shinshina ta ce yana wari. Na hau ta da faɗa, na ce mai kashe gobara bai san tsabta ba sai ita? Na tari kofi na shanye a gabanta. Tun daga ranar ba ta sake cewa uffan ba.

Autarmu tana 'yar shekara goma sha biyu lokacin. Yanzu tana ɗakin mijinta da cikin wata bakwai. Da na tambayi injiniyar ko abin yana kaiwa ga ɗan ciki, ta ce yana iya kaiwa.

Washegari na mayar da duron aka haɗa shi da sauran da za a tafi da su. A gida na ce wurin aiki ne ke tattara kayansu, kuma sun ce iyali ma su je a gwada su. Ban gaya musu gaskiyar ba; ni da uwargida da Auta muka fara zuwa asibiti aka ɗibi jininmu. Sati uku muna jiran sakamako, ina kallon cikin Auta in ta zo gaishe mu.

Ranar karɓa, likita ta jera takardu uku a kan tebur. Ta ce na Auta da na mahaifiyarta ɗan kaɗan ne, irin wanda ake samu a jikin kusan kowa.

"Likita, ki ƙara dubawa," na ce. "Shekara goma sha ɗaya suna shan ruwa daga duron kumfa. Ni na kai musu shi."

"Su wa?" in ji uwargida.

"Ke da yara mana."

"Baban yara, wa ya ce maka muna sha? Ruwan duron nan na goge ƙasa ne da wanke banɗaki. Na sha da girki yana cikin jarkokina a ƙarƙashin tebur."

Auta ta rufe baki tana dariya, cikinta na girgiza. "Baba, ai Mama ta ce duk wanda ya taɓa famfon nan da kofi sai ya sha bulala. Kuma kada a gaya maka, don za ka yi fushi."

Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi ba, sau nawa ma ban sani ba. An yi mini wayo shekara goma sha ɗaya a cikin gidana, kuma ban taɓa jin daɗin wani abu kamar wannan wayon ba.

Likita ta turo takarda ta uku. Nawa ya yi sama. Ta ce yawancinsa daga aikin ne, ba ciwo ba ne a yau, amma duk shekara za a riƙa duba mini ƙoda da hanta da kitsen jini. Na ce a duba, ko duk wata ne.

Na juya zan tsokani uwargida, sai na ga hawaye a fuskarta.

"Kullum ka dawo daga aiki sai ka tari kofi a duron nan," ta ce. "Ina kallonka. Na hana yara, kai kuwa na ƙyale ka, don gudun faɗa."

"Da kin hana ni, da kofi biyu zan sha," na ce. "Kin san halina."

Ta share ido da bakin mayafi, tana dariya tana kuka. A bakin ƙofar asibiti ta buɗe jakarta ta ciro gorar ruwa ta miƙo mini. Na karɓa ban tambayi daga ina ta ɗebo ba, na shanye tas.