Ƙwayoyin Bayan Kamfani

Baba Tsafta ya yi shekaru yana goge-goge a asibiti kafin ya samu aiki a kamfanin madara, kuma abu ɗaya ya sani: ƙwayar cuta, kashe ta ake yi. Ranar farko injiniya, wata sa'ar 'yarsa, ta nuna masa wani ƙaton tanki a rufe ruf a bayan gini. Ta ce nan ruwan dattin kamfanin yake shiga, a ciki akwai ƙwayoyi masu cinye dattin su fitar da gas, da shi ake kunna tukunyar dafa madara. Iska ma ba sa so. Ya gyaɗa kai, shi dai ya ɗauka lissafin 'yan boko ne.

Wata rana da ya ji daɓen kamfanin yana tsami, sai ya sunkuto jarkar maganin kashe ƙwayoyi ya tuttule, ya kora cikin magudanar da ke zubawa a tankin. Wuri ya yi fes. Bayan 'yan kwanaki wutar tukunya ta mutu, tankin ya fara amayo ruwa fari mai ɗoyi.

"Baba, ka kashe su," in ji injiniya.

"To ba abin da aka ɗauke ni yi ba ke nan?"

Manaja bai yi dariya ba. Ya ce in tankin bai farfaɗo ba kafin ƙarshen wata, Baba ya ajiye tsintsiya. Injiniya ta sa aka kawo ɗanyen kashin shanu mota guda, wai a ciki za a samu sababbin ƙwayoyi, ta miƙa masa shebur. Sai da ya sa ta maimaita.

A gida matarsa ta toshe hanci, ta tambaya shara aka ɗauke shi ko zuba datti. Ya fara bayani, ya sarƙe a tsakiya. Ta taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne.

Injiniya ta tsoma bakin tiyon gas cikin kwalbar ruwa, ta ce in ya ga kumfa, ƙwayoyin suna da rai. Kullum yana tsugune a gaban kwalbar, ya rasa irin addu'ar da zai yi. Ana saura kaɗan wata ya ƙare, kumfa ɗaya ta taso, wata ta biyo.

"Aikinka na nan, Baba," in ji injiniya.

"To gobe in wanke daɓen ko in bar shi?"

"Ka wanke mana. Amma da tausayi."

Ya daɗe tsaye yana kallon bokiti.