Fuskar da Ta Manne da Gilashi

Rigar sojan tana da faci a baya, ƙasa kaɗan da kafaɗar hagu, wani ɗan zagaye da bai fi kan babban yatsa ba. Auta ta ɗaga ta wajen hasken taga, ta ga da baƙin zare aka yi ɗinkin, irin ɗinkin namiji, ga ƙarfi amma babu kyan gani. Tun da ta buɗe akwatin ƙarfen kakanta warin tsatsa ya cika falon.

"Ƙusa ce ta ja ta," in ji mahaifinta daga kan kujerarsa. "Kakanki har aka gama yaƙin nan harsashi bai taɓa shi ba. Ni na yi jinyarsa, ni nake goge masa jiki. Ko ƙwarzane babu a bayansa."

Auta malamar makaranta ce, kuma irin mutanen nan ne da in suka sa abu a gaba ba sa jin kira. Hutun bana ta ɗaura aniyar tattara tarihin kakan nasu, wanda kowa ya sani da Saja, don yaran gidan su san daga inda suka fito. Ta je ofishin tsofaffin sojoji, aka ce sai da lambarsa. Ta dawo ta duba murfin akwatin, ta tarar an kankare lambar har ƙarfen ya yi rami.

Abin da ta samu a bakin dangi bai taka kara ya karya ba. Saja ya tafi yaƙi ya bar matarsa da ƙaramar 'ya a ɗakin haya kusa da bariki. Da ya dawo bai ko huta ba ya kwashe su zuwa wani gari mai nisa, inda babu wanda ya san su, a can aka haifi Baba, mahaifin Auta. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In ya hango tsohon soja a titi, sai ya tsallaka ɗaya ɓangaren. Baba da alfahari yake ba da waɗannan labarai, wai halin maza ne da suka ga wuta. Auta ma haka ta ɗauke su, sai dai tana ninke rigar nan idonta ya yi ta komawa kan facin.

Hoton Saja ɗaya ne a hannunsu, na tsufa, wanda aka ɗauka don katin asibiti. Burin Baba kuwa shi ne ya ga mahaifinsa cikin kaki, babba, a bangon falo, kafin shi ma ƙasa ta rufe masa ido.

"Akwai na samartaka wajen Yaya," ya ce. "Amma in kin raba ta da shi, na sara miki. Ni kaina sau ɗaya na taɓa ganinsa, shi ma a fakaice."

Yayar tasa, wadda Auta ke kira Gwaggo, ita ce 'yar da aka tafi yaƙi aka bari. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin baya na gidan ƙanen nata. Auta ta same ta da hantsi tana tsefe kai, ta zauna ta karɓi aikin, ta bi ta da daɗin baki irin na 'yar lele.

"Gwaggo, wai ke me ya sa ba kya ce wa Kaka Baba? Kullum sai dai mutumin nan, mutumin nan, kamar wanda ya ci miki amana."

"Ja a hankali, kan ba na aro ba ne," in ji Gwaggo.

Sai da Auta ta yi ta naci, har da cewa Baba ba lafiya ce ta ishe shi ba, sannan tsohuwar ta tashi. Daga ƙasan akwatinta ta zaro wani ƙunshi, ta warware zane bayan zane. Ɗan ƙaramin hoto ne cikin firam ɗin katako. Ruwa ya taɓa shiga ciki, takardar ta manne da gilashin daidai wajen kai, amma ana ganin fuskar: saurayi ne mai doguwar fuska da ƙananan kunnuwa, yana murmushi har wushiryarsa ta fito.

"Kai! Ashe Kaka ya taɓa dariya," in ji Auta. "Kamar ba shi ba."

Gwaggo ta ƙura wa hoton ido. Ta daɗe riƙe da firam ɗin kafin ta sake shi, sai da Auta ta ɗan ja.

"Shi kaɗai ya rage mini. Kada a buɗe shi, kin ji ko? In ɗauka za a yi, a ɗauka ta saman gilashin. Ki dawo mini da shi yadda kika karɓa."

"Haba Gwaggo, kamar wata yarinya? Na yi alkawari."

Shagon mai hoton yana ƙarƙashin wani bene, bangonsa cike da hotunan matattu da aka gyara suka fi lokacin da suke raye kyau. Mutum ne mai fara'a da yawan surutu. Ya gwada ɗauka ta saman gilashin, ya sake gwadawa, kowane karo sai wani hazo ya fito daidai fuskar, ya rufe ta.

"Malama, dattin a ciki yake. Sai an buɗe."

"An ce kada a buɗe."

"Tsofaffi kullum haka suke cewa. Na buɗe waɗanda suka fi wannan lalacewa."

Auta ta tuna Baba da bangon falonsa, ta kuma tuna cewa hutu ya kusa ƙarewa. Ta ɗaga kai alamar to. Ya cire ƙusoshin baya, ya sa bakin reza a hankali. Wata 'yar ƙara ta fito, irin ta ɓare busasshiyar albasa. Kakin ya taho lafiya lau, da hular, da hannayen. Fuskar kuwa ta tsaya a jikin gilashin, ta dare, ta zube kan tebur kamar garin toka. Auta ta dafe kai.

"Kwantar da hankalinki," in ji mai hoton, yana share teburin da gefen hannu. "Wannan ai aikinmu ne na kullum. Akwai wani hotonsa? Ko na tsufa ne. A nan muke aro, mu cire tamoji, mu baƙanta gashi, mu mayar da mutum saurayi. Ko uwar da ta haife shi ba za ta gane ba."

Ta miƙa masa na katin asibitin. Kafin ta fita ta ga ya fesa wa gilashin ruwa ya goge shi tas da tsumma.

Ranar da ta koma karɓa, ya jera mata biyu, babba na bango da ƙarami a cikin tsohon firam. Aikin ya yi kyau, babu ƙarya. Ga Saja nan da faffaɗar fuskarsa da idanunsa masu kallon ƙasa-ƙasa, yaro sharaf cikin kaki.

"Kunnuwan ne suka ba ni wahala," ya ce yana dariya. "Gefen na saurayin da ya rage a takardar, ƙanana ne, na tsohon kuwa kamar marfin tukunya. Wuyan ma sai da na ƙara masa kauri. An ce yaƙi na canja mutum, amma ban san har kunne yake canjawa ba."

Auta ta yi yaƙe. A hanya maganar ta yi ta yi mata yawo a kai, ita kuma tana korar ta.

Baba na ganin babban hoton ya miƙe tsaye ba tare da sandarsa ba. Hawaye suka zubo masa.

"Shi ne! Wallahi shi ne sak. Dubi goshin nan, irin nawa. Ina hamar nan take?"

Ta bar shi yana laluben ƙusa, ta wuce ɗakin baya da ƙaramin a ƙirjinta. Ta shirya ban-haƙuri iri-iri, amma da ta tsaya gaban Gwaggo duk suka gudu. Ta miƙa mata kawai.

Gwaggo ta kai hoton kusa da idonta. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi tsorata Auta. Ta juya firam ɗin, ta shafa sababbin ƙusoshin.

"Ina fuskar da ke ciki?"

"Gwaggo, ta lalace ne wajen buɗewa. Amma ai shi ɗin ne, daga ɗaya hoton aka..."

"Mutumin nan ya sake shiga rigar babana ke nan," in ji Gwaggo a hankali.

Daga falo aka fara jin bugun hama.

"Bayan an gama yaƙi," Gwaggo ta ci gaba, "ina wasa a bakin ƙofa ya zo da akwatin ƙarfen nan a ka. Ya kira ni da sunan da babana kaɗai ke kirana da shi. Ya san inda muke ɓoye makulli, ya san wace ƙafa ce ke yi wa Inna ciwo. Mutum ba ya faɗa wa wani irin waɗannan sai wanda suka kwana rami ɗaya, ya amince masa. Inna ta shiga ɗaki da shi, suka daɗe. Ban san me ya ce mata ba, ban san me ya nuna mata ba. A lokacin ko abin da za mu sa a baki babu. Da ta fito, fuskarta kamar an yi mata mutuwa, ta ce mini, gaida babanki."

Auta ta nemi bakin gado ta zauna.

"Ba ki taɓa tambayarsa ba?"

"Sau ɗaya. Na same shi a tsakar gida yana ɗinke hujin da ke bayan rigar sojan nan. Na ce, ina babana? Ya ɗago ya dube ni, ya yanke zaren da haƙori, ya ce, ga ni."

"Baba ya sani?"

"Ya san me? Shi ai ubansa ne. Ya goya shi, ya sa shi makaranta, ko yatsa bai taɓa ɗaga masa ba. In ƙwace masa nasa don an ƙwace mini nawa?"

Tausayi da kunya suka kama Auta. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Gwaggo ta ɗaga mata hannu. Tsohuwar ta rufe ido, ta matse su sosai, leɓɓanta na motsi kamar mai neman wata kalma da ta ɓace mata. Ta daɗe a haka.

"Yana da wushirya," ta ce. "Na san yana da ita. Amma ina nemansa, wannan ne yake zuwa."

Bugun hamar ya tsaya. Muryar Baba ta taso daga falo, cike da murna kamar ta yaro.

"Yaya! Yaya, fito ki ga Baba!"

Gwaggo ta buɗe ido. Ta kife hoton a kan gado, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta lalubo takalmanta da ƙafa.

"Ina zuwa," ta ce.