Kunyar Ɗan Fari

Fijon Alhaji Mamuda na tsaye a ƙofar gida, rabin garin Ketare sun fito kallo, amma uwarsa Goggo Hajaratu ta ƙi tashi daga tabarma. Daga Kaduna ya aiko a kai ta asibiti, don kumburin ƙafa ya hau mata har ciki.

Barakatu, matar maƙwabcinta Sha'ibu, ita ke ɗaure mata kaya.

"Ke, ina maigidana?" in ji Goggo. Haka take kiran Mani, yaron Barakatu. "Kwana biyu bai zo ya shanye mani kunu ba."

Barakatu ta sunkuyar da kai. Mani ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa, balle ta tsaya gaban surukai ta ce a duba shi. Tsoro na cinta, kunya ta ɗinke mata baki.

"Yana nan."

"Ni za ki yi ma kunya? Mi ya same shi?"

Sai hawaye. Barakatu ta raɗa mata cewa bayan gidansa baƙi ne ƙirin kamar kwalta, idanunsa sun yi fari fat. Kakarsa ta ce ɗinya ya ci.

"Ɗinya a watan ga? Kai! Sha'ibu, ɗauko yaro ku shiga motar!"

Direba ya ce Alhaji zai yi faɗa.

"Ni na haifi Alhajin. Inda za ni ba a zuwa a mota."

Aka yi lallashi, ina! Mota ta tashi da yaro da iyayensa, Goggo na nan kan tabarmarta.

A asibitin Malumfashi likita ya gwada bayan gidan, ya ce jini ne ke zuba a cikin yaron. Ƙwayar zazzaɓin da ake sayo masa a kasuwa ce ta yi masa miki. Aka ƙara masa jinin uban, aka hana ƙwayar. Barakatu ta zauna bakin gado tana kallon ɗanta son ranta, ba mai ce mata komai.

Ranar da suka dawo, Goggo ko zama ba ta iyawa. Barakatu ta durƙusa.

"Goggo, ga... ga shi nan."

"Har yanzu ba suna?" Tsohuwar ta yi dariya ba sauti. Ta miƙa yatsa ta ja fatar idon yaron ta leƙa. "Ya yi ja. Alhamdu lillahi."

Bayan la'asar ta cika, fuskarta a sake. Barakatu ta gyara mata zane. Mani na barci jingine da ƙafafunta, ba wanda ya yi saurin ɗauke shi.